Kafin Alhaji Ya Sayi Sabuwar Kwamfuta

Dilan siminti a Malbaza, mai mangazar shinkafa a Birnin Konni, mai tara albasar Galmi, duk wanda ya kai shekara uku yana shigar da kayansa a manhaja ya san wannan ciwon. Mota na tsaye a ƙofa, direba na ƙorafi, yaron kanti ya danna ya ga buhu nawa ya rage, allo sai juyi yake. Nan take Alhaji zai ce inji ya tsufa. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, aikin banza ne ake ɗora masa.

Kowane buhu ya shiga ko ya fita, layi guda ne ke ƙaruwa a rumbun bayanai. Mu ƙaddara layi 500 a rana: shekara uku sun haura rabin miliyan. In babu fihirisa, wato indeks, dole inji ya karanta su kaf kafin ya ba da amsa, kamar almajirin da ke neman babin zakka a littafin fiƙihu yana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya. In akwai ta, tsalle uku ko huɗu ya isa wurin.

Kai mai kula da kwamfutar, kada ka yi aiki da zato. Fara gano tambayar da ke cin lokaci. In manhajar kantin Odoo ce, a kan rumbun bayanai na PostgreSQL take tafiya. Kunna pg_stat_statements, ka bar shi ya kwana biyu, har ranar kasuwa ta wuce, zai nuna maka masu nauyin. Ɗauki ta sama, ka sa mata EXPLAIN ANALYZE a gaba. Ka ga Seq Scan a kan babban tebur irin stock_move, alhali layukan da ake nema kaɗan ne? To ga ɓarawon. In tebur ƙarami ne, kamar na sunayen mangazu, ƙyale shi, karanta shi duka ya fi sauri.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne jerin gurabe. Tambayar yau da kullum ita ce: kaya kaza, a mangaza kaza, daga ranar kaza zuwa kaza. Fihirisa guda mai haɗa ukun ta fi guda uku a warwatse, amma a jera su daidai: lambar kaya, sannan mangaza, kwanan wata a ƙarshe. Abin da ake nema takamaimai shi ke gaba, mai tsakanin kaza da kaza ya zo baya. Ka sa kwanan wata a farko, inji zai bi duk abin da aka sayar a watan, siminti da sukari da taliya, yana tsince naka. Kuma fihirisar da ta fara da lambar kaya ba ta cika amfanar mai neman mangaza kaɗai ba.

Kada daɗi ya ɗebe ka ka yi wa kowane gurbi tasa. Duk rasit ɗin da aka buga, sai inji ya gyara kowace fihirisa, sayarwa ta yi nauyi. Leƙa pg_stat_user_indexes; wadda idx_scan ɗinta ke sifiri wata da watanni, in kai ka ƙirƙire ta, goge. Wadda ta zo da manhaja, kada ka taɓa.

Saura wuta. Mutanen Konni da Illela ba su manta Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da kamfanin wuta na NIGELEC ke saye, kuma ko yanzu ba a rantsuwa da ita. Kwafi bayanan a wani faifai tukuna, ka tabbatar batir ya cika. Yi aikin bayan isha'i da CREATE INDEX CONCURRENTLY, don kada tebur ya kulle wa mai sayarwa. In wuta ta ɗauke ana tsaka da gini, za a bar maka fihirisa mai alamar INVALID: ba ta taimakon bincike, tana kuma iya nauyaya rubutu. Goge ta, ka sake ginawa, ka bi da ANALYZE, sannan ka maimaita gwajin farko ka nuna wa Alhaji lambobin biyu, na da da na yanzu.