Darasi na Tara: Zaɓen Nau'in Sitibiya a Madadin Sukari

9.0 Gabatarwa

Likita kan hana mai ciwon sukari shan sukari, amma harshe ba ya daina son zaƙi. Wannan ne ya sa mutane da dama suke neman abin da zai maye gurbinsa a shayi ko koko. A wannan darasi za a yi nazarin sitibiya da ire-irenta, domin ɗalibi ya iya bambance su, ya kuma iya yi wa wasu bayani.

9.1 Asalin Sitibiya

Sitibiya wani ɗan tsiro ne mai zaƙin ganye wanda asalinsa ƙasashen Faraguwai da Burazil ne a Kudancin Amurka. Al'ummar Gwarani sun daɗe suna jefa ganyensa a cikin abin shansu. A shekarar 1931 wasu masana biyu na ƙasar Faransa suka tace sinadarin da ke ba shi zaƙi. Japan ta fara sayar da shi a 1971, Tarayyar Turai kuwa ta amince da shi a 2011. Wannan sinadari ba ya ɗaga sukarin jini.

9.2 Ire-Iren Sitibiya

(a) Ganye: Akan shanya shi, a bar shi haka ko a daka. Garinsa kore ne, ba ya narkewa, kuma yana barin ɗan ɗaci a harshe. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a sa shi cikin kayan abinci ba, tataccen kawai ta yarda da shi a 2008.

(b) Tataccen gari: Fari ne, zaƙinsa ya ninka na sukari sau 200 zuwa 300. Wanda aka rubuta wa Reb A bai kai wasu ɗaci ba. Matsalarsa ita ce wuyar awo, domin ɗan abin da ya hau bakin cokali ya ishi kofi.

(c) Na ruwa: Ɗigawa ake yi, ya kuma dace da shayi da zoɓo. Sai dai wasu kamfanoni kan narka shi a cikin barasa, wasu a ruwa.

(d) Gauraye: Shi ya fi yawa a kanti. Akan haɗa sitibiya kaɗan da wani gari domin a riƙa auna ta da cokali. Idan da dekistiros ko maltodekistirin aka haɗa, to waɗannan suna ɗaga sukarin jini. Idan da iritiritol ne, kamar samfurin Truvia, ba ya ɗagawa, amma yawansa kan kumbura ciki.

9.3 Yadda Ake Zaɓe

Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane. Kwali biyu na iya ɗaukar suna ɗaya da hoton ganye ɗaya, amma abin da ke ciki ya bambanta. Saboda haka mataki na farko shi ne karanta jerin kayan haɗi a bayan kwali. Abin da aka fara ambata shi ne mafi yawa. Mai ciwon sukari da ya sayi gauraye bai duba ba, yana iya shan abin da yake gudu.

Na biyu, a dubi abin da za a yi da ita. Sitibiya tana jure zafin wuta, amma ba ta sa cincin ya yi ja, ba ta yin danƙon da ake tsoma alkaki, yis kuma ba ya cin ta balle ƙullu ya tashi.

Na uku, a kiyaye ƙima. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙayyade miligiram 4 na sinadarin sitibiyol a rana ga kowane kilo na nauyin jiki, wato miligiram 240 ga mai kilo 60. Haka kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan masu zaƙi domin rage ƙiba. Shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba.

9.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sunan sitibiya a gaban kwali bai isa hujja ba. Wajibi ne a san nau'i, a karanta kayan haɗi, mai jinya kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya sauya abin da yake sha.

Auna Fahimta

1. Kawo ire-iren sitibiya huɗu tare da naƙasun kowanne.
2. Me ya sa gauraye ke iya cutar da mai ciwon sukari?
3. Tsara yadda za ka koyar da karanta bayan kwali ga 'yan aji shida na firamare.