Ejan Ya Ce In Kawo Miliyan 12 Ya Kai Ni Ingila

Hajiya, 

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai rajista, shekarata biyar ina aiki a wani asibitin kuɗi a nan Zariya. Ina da aure da yara biyu, maigidana malamin sakandare ne. Ba sai na faɗa miki halin da ake ciki ba. In kwana a tsaye kan marasa lafiya, amma albashin ko tsakiyar wata ba ya kai mu.

Wata ƙawata da muka yi makaranta tare ta haɗa ni da wani ejan a Abuja. Ya ce zai samo min aikin kula da tsofaffi a Ingila, da takardar ɗaukar nauyi da biza, a kan naira miliyan 12. Ya turo min hotunan takardun wasu ta WhatsApp, ya ce gurbi uku ya rage, in ban ba da rabi kafin ƙarshen wata ba, za a ba wata. Na riga na tura masa dubu 500 na kafin alƙalami. Mahaifiyata ta ce a sayar da filin da muka gada daga Baba ni da ƙannena biyu, in na tafi na biya su. Maigidana bai hana ba, amma na ga jikinsa ya yi sanyi. Tambayarsa ɗaya ce: shi da yaran fa? Ejan ya ce bayan wata shida zan ɗauke su, kuma in wannan hanyar ba ta ɓulle ba sai a bi ta karatu.

Ita kuwa gwaggon maigidana cewa ta yi me zai kai ni ƙasar sanyi, in tafi umara kawai in maƙale, akwai wadda za ta riƙe ni a Jidda har a samo min gidan da ke neman mai jinyar tsohuwa.

Hajiya, kaina ya kulle. Wace hanya zan bi?

Taki, wata nas daga Zariya

 'Yata, kada a sayar da filin nan, kada kuma ki ƙara tura wa mutumin nan ko sisi. Na fara da wannan ne don ko ba ki karanta sauran ba, kin ji shi.

Abin da yake tallata miki babu shi. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, waɗanda ke can ciki kaɗai aka bar wa wa'adi. Batun ɗaukar miji da yara bayan wata shida kuwa, tun 11 ga Maris na 2024 aka hana mai shigowa da wannan biza kawo iyalinsa. Ki ga ƙarya biyu a magana ɗaya. Jikin maigidanki ba banza ya yi sanyi ba, ki gode masa da wannan tambaya.

Ko a lokacin da ƙofar take buɗe, takardar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce. Lamba ce da ma'aikata mai lasisi ke fitarwa ta intanet da sunan wanda ta ɗauka aiki, ita ke biyan kuɗinta, doka kuma ta hana ta ɗora wa ma'aikaci. Hoton da aka turo miki, yaro mai kwamfuta zai haɗa irinsa kafin ki gama shan shayi. Wasu ma sun biya, sun samu biza ta gaske, sun sauka, suka tarar babu aikin. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 hukumomin can sun soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, dubban ma'aikata suka shiga halin ni 'yasu, ga bashi a gida, ga kuɗin haya a can. In kuma aka kama takardar bogi a cikin neman bizarki, ke za a hana shiga ƙasar har tsawon shekara goma, ejan yana Abuja yana neman wata.

Abin da ya fi ci min rai a wasiƙarki shi ne yadda kika manta ko ke wace ce. Ke nas ce mai rajista, da shekara biyar a bakin aiki. Kina da ƙofarki daban, wadda ba ta ratsa ta hannun dillali, kuma har yanzu mai wannan ƙofar tana iya tafiya da mijinta da 'ya'yanta, ba a ma karɓar kuɗin inshorar lafiya da ake caje sauran masu biza.

Ga yadda take. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, ita za ki nema da kanki a shafinta. Za ta so shaidar Turancinki, ko dai IELTS da maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, ko kuma OET, wadda tambayoyinta na harkar asibiti ne, shi ya sa wasu nas-nas suka fi jin daɗinta. A nan yawanci ake daɗewa. Rubutun ne ke kayar da mutane, har da masu zuba Turanci kamar ruwa, saboda haka ki ware wata uku ko huɗu kina atisaye kullum kafin ki kai kuɗinki. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta ta CBT, wadda ake zanawa a nan gida. Ina roƙon ki da girman Allah, duk wanda ya ce zai zana miki ko zai gyara miki sakamako, ki guje shi. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, ta soke sakamakon duk wanda ya zana a wurin, har waɗanda suka ci da guminsu sai da suka sake. Majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ma za ta tantance rajistarki ta tura musu. Jarrabawar ƙarshe, OSCE, ta gwajin aiki ce a aikace, sai a can ake yin ta, galibi bayan asibiti ya ɗauke ki.

Ki kuma san wannan: Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da ejan-ejan zuwa farautar ma'aikata a nan. Ke ce aka yarda ki nemi aiki kai tsaye. Duk wanda ya buɗe ofis ya ce yana ɗibar nas-nas zuwa asibitocin gwamnatin can, tun daga nan ya saɓa ƙa'ida. Kuma jerin ma'aikatu masu lasisin ɗaukar nauyi yana nan a shafin gwamnatinsu, kyauta, kowa na iya dubawa.

Ba zan ɓoye miki ba, hanyar tana da tsawo, tana iya cin shekara ko fiye, kuma ɗaukar nas daga waje ya ja baya idan aka kwatanta da shekarun baya. Za ki iya cin jarrabawa ki zauna jiran aiki. Amma kuɗin jarrabawowin kaɗan-kaɗan ake biya, kowanne a hannun hukumar da ta dace, da rasiɗi, kuma ba su kama ƙafar miliyan 12 ba. Adashi zai iya ɗaukar su. Filin kuwa ba naki ba ne ke kaɗai. Hakkin marayu ne a ciki, kuma na ga zumunci da yawa ya mutu a kan kalmar "in na tafi na biya".

Batun karatu ba zan daɗe a kansa ba, don bai dace da halinki na yanzu ba. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na kwas ba ya tafiya da iyali, sai mai bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma sai ya nuna kuɗin makaranta da na ci da sha sun kwana 28 a asusu. In kina da burin tallafi irin na Chevening, sai kin fara da digirin farko, kuma akwai sharaɗin dawowa gida na shekara biyu.

Shawarar gwaggo kuwa, na san da kyakkyawar niyya ta ba ki, amma ta fi ta ejan haɗari. Bizar umara ta ibada ce, ba a aiki da ita. Ranar da wa'adinta ya cika kin zama marar igama: ba ki da damar kai ƙara in an hana ki albashi, kina tsoron asibiti, kina tsoron titi, ƙofar gidan da kike aiki ita ce iyakarki. Ranar da aka kama ki sai gidan tarhil, a ɗauki zanen yatsunki, a hana ki dawowa na shekaru. Ki tambayi matan da suka yi zaman takari suka dawo, a unguwarku ma ba za a rasa ba. In Saudiyya ce ta kwanta miki, kuma na fahimci dalili, ga addini ga kusanci, to ita ma tana da hanyar nas: a tantance takardunki ta DataFlow, ki zana jarrabawar Prometric, hukumar ma'aikatan lafiyarsu ta yi miki rajista, asibiti ya ba ki kwantiragi a rubuce, ki shiga da bizar aiki. Ki karanta kwantiragin kalma-kalma kafin ki sa hannu, musamman albashi, masauki, hutu, da ko an yarda iyali su biyo ki, domin ba kowanne ke bayar da wannan ba.

Saura dubu 500 ɗinki. Ki adana shaidar tura kuɗin da duk hirarku ta WhatsApp, har da saƙonnin murya, kada ki goge komai. Ki rubuta masa cewa kin fasa, ki ba shi rana ya dawo da kuɗin, maigidanki ya tsaya miki a maganar. In ya fara hanya-hanya, ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Ita ma ƙawar taki ki sanar da ita yau, wataƙila akwai wasu 'yan ajinku da ta tura wurinsa da zuciya ɗaya, ba su kai ga biya ba tukuna.