Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Bango a Gidan Haya

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce fentin ɗakin da take haya yana ɓarewa daga ƙasa, shin ta sake shafawa da kuɗinta?

To Malama, kafin ki sayi ko gwangwani ɗaya, ki fara zama da mai gidan. In za a cire kuɗin aikin daga kuɗin haya, a rubuta gaban shaidu, kada a tsaya a maganar baki.

Ɓarewar nan kuwa, yawanci danshi ne. Ki shafa wurin: filasta za ta riƙa marmashewa, farin gari kamar kanwa ya manne miki a yatsa. Fenti a kan wannan asara ce, damina ɗaya zai kumbure. A duba ko ruwa na kwanciya a bayan bangon, ko indararo na zuba masa. Wannan gyaran mai gida ya kamata ya ɗauka. Daga nan a kankare, magini ya sake filasta, a bar ta kamar mako 4 ta bushe. Ki zaɓi fentin ruwa, domin mai mai yana kulle danshi a ciki. Kuma ki bari sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba.