Darasi: Abin da yaro zai samu a makarantar noma ta kwana

Yawancin iyalan da suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi manoma ne da makiyaya. An baro gonaki da dabbobi a baya, amma sanin noma ya biyo ku. Darasin nan yana bayani ne kan makarantar da yaro zai ƙara ilimin zamani a kan abin da ya gada, har ya samu takardar shaida. Ana iya ƙwace gona, amma ba a ƙwace abin da ke cikin kai.

Wace irin makaranta ce?

Makaranta ce da ɗalibai ke kwana a cikinta, su yi karatu a aji, su kuma yi aiki da hannunsu a gona. Misali a nan Nijar shi ne IPDR da ke garin Kollo a jihar Tillaberi, kusa da kogin Kwara, ba nisa da Yamai. Makarantar gwamnati ce da ta daɗe tana horar da malaman gona. Fannoninta sun haɗa da noma, kiwo, kula da daji da ruwa, da ayyukan ban-ruwa.

Yaya zaman yake?

A irin waɗannan makarantu ana tashi da wuri, domin aikin gona da na garke yana son sanyin safiya. Akwai lokacin aji, na abinci, na ibada da na barci, kowanne da ƙa'idarsa. Ɗakunan kwanan mata daban, na maza daban. Watannin farko sukan yi wuya: kewar gida, baƙon abinci, ga abokai masu yare iri-iri. Karatun kuma da Faransanci ake yi. Yaron da aka shirya masa tun daga gida ya fi saurin sabawa.

Me ake koyo?

Malamin gona yana koyon dalilin abin da manomi ke yi. Ga misalai:

1. Yadda ramukan tasa da na rabin-wata ke tare ruwan sama a faƙo, har ƙasar da ta mutu ta sake ba da gero.
2. Yadda ake barin tohon itatuwa a gona lokacin sassabe, a rage masa rassa ya girma. Wannan dabara a yankin Maraɗi ta bunƙasa tun shekarun 1980.
3. Yadda buhu mai ninki uku ke hana iska shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba.
4. Rigakafin cututtukan awaki, tumaki da kaji, da haɗa abincin dabbobi.
5. Lissafin abin da aka kashe da abin da aka samu, don a san riba daga faɗuwa.

Wanda ya gama yana iya neman aiki da ƙungiyoyin manoma ko ayyukan raya karkara, ko ya kafa lambunsa, ko ya yi kiwon kaji. Ilimin zai yi amfani ko an zauna a nan ko an koma gida, domin ƙasa da damina kusan iri ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu.

Ta ina ake bi?

A Nijar firamare shekara 6 ce, ƙaramar sakandare shekara 4, daga nan a rubuta jarrabawar BEPC. Da wannan takarda ake neman shiga, kuma akwai jarrabawar tantancewa. Ke nan hanyar ba ta farawa daga Kollo, tana farawa ne daga ajin da yaronku yake yau. Idan aka cire shi don talla ko ƙwadago, ko aka aurar da yarinya kafin ta gama, an rufe ƙofar. Ga wanda ya kammala babbar sakandare kuma, akwai tallafin DAFI, wanda HCR ke gudanarwa tun 1992 da taimakon gwamnatin Jamus, amma gurabensa kaɗan ne, ana yin takara.

Abin da za ku yi yanzu

Ku adana katin gudun hijira, takardar haihuwa da sakamakon makaranta a cikin leda, nesa da ruwa da gara. Idan wata ta ɓace a hanya, ku sanar da jami'an rajista da wuri. Kafin buɗe makarantu a watan Oktoba, ku je wurin jami'in ilimi ku tambayi sharuɗɗan bana, kuɗin da ake biya, takardar izinin tafiya da halin tsaron hanya. Kada ku ba kowa kuɗi don ya samo wa yaro gurbi. Ayyukan HCR kyauta ne.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

Cikin yaranku, maza da mata, wa ya fi son gona ko dabbobi? Shekara nawa ta rage masa ya kai BEPC? Idan ya tafi, wa zai ɗauki aikin da yake yi a gida?