Amsoshin Tambayoyinku: Shin da gaske ne bishiyoyi na magana da juna?

Tambaya: Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto yana cewa, "Na ji ana cewa bishiyoyin daji suna magana da juna, har ma suna agaza wa juna. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan batu, ko kuwa tatsuniya ce?"

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya. Lalle akwai gaskiya a ciki, sai dai bishiya ba ta da baki, ba ta da kunne, balle ƙwaƙwalwa. Saƙonta sinadarai ne, kuma hanya biyu yake bi: ta iska da ta ƙarƙashin ƙasa.

Mu fara da ta iska. A 1983, masu bincike biyu a Amurka, Ian Baldwin da Jack Schultz, suka killace wasu dashen bishiyoyi a wuri rufaffe, suka yayyaga ganyen wasu daga cikinsu. Cikin 'yan kwanaki sai waɗanda ba a ko taɓa ba suka ƙara sinadarai masu bauri a ganyensu, ciki har da tanin, wato sinadarin nan na 'ya'yan bagaruwa da majema ke jima da shi. Ganye mai yawan tanin yana yi wa tsutsa wuyar narkewa. Ashe ganyen da ya ji rauni kan saki wani tururi marar ganuwa, maƙwabta su karɓa, su yi shirin kare kai tun kafin ɓarna ta iso. Bincike da yawa ya tabbatar da haka daga baya a tsirrai daban-daban.

Sai ta ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyin mafi yawan tsirran duniya suna zaune tare da naman gwari, dangin naman kaza, wanda ke shimfiɗa zare-zare da suka fi gashi sirantaka a cikin ƙasa. Zaman nasu na ba ni gishiri in ba ka manda ne: bishiya ta ba da sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana, naman gwari kuma ya jawo mata ruwa da abincin ƙasa daga inda saiwa ba ta kaiwa. Zaren nan kan haɗa bishiya fiye da ɗaya.

A 1997, Suzanne Simard ta ƙasar Kanada ta wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Ta lulluɓe dashe iri biyu da leda, ta ɗura musu iskar kabon mai alama, sannan ta bi sawu. Ta tarar kabon ya ratsa daga wannan zuwa wancan, kuma dashen da ke cikin inuwa ya fi samun kaso.

A nan ne za mu yi taka-tsantsan. A 2023, Justine Karst da abokan aikinta suka sake nazarin binciken da aka yi, suka ce hujjar da ake da ita ba ta kai a ce manyan bishiyoyi suna shayar da 'ya'yansu ta wannan zare ba. Har yanzu masana na muhawara a kai. Kada kuma a manta, bishiyoyi suna gasa da juna wajen neman haske da ruwa.

Ko a gonakinmu akwai abin lura. Bincike a Senegal ya nuna cewa saiwar sabara kan jawo ruwa daga can ƙasa da dare, ta sake shi kusa da sama, geron da ke gefenta ya amfana lokacin fari. Saboda haka, Malam, duk mai sassabe ya san cewa in ya tumɓuke itace har saiwa, ya rage wa shukarsa da sauran itatuwa mataimaki. Rage rassa ya fi tumɓukewa.