Yadda Ake Auna Hujja Kafin a Yarda da Ita

Da damina a Ƙofa, kamar sauran garuruwan Kusada da Kankiya, da zarar ganyen masara ya yi ruwan ɗorawa sai a yanke hukunci a majalisa: "An sayar mana da takin jabu." Mai yiwuwa haka ne, amma hanyar da aka bi aka kai can karkatacciya ce, kuma gano irin wannan karkata shi ne aikin ilimin manɗiƙi. Ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kāre shi da waƙe sa'ad da Imamu Suyuɗi na Masar ya haramta shi. Ahalari kuwa, mai littafin fiƙihun da kowane almajiri ya sani, ya tsara dokokin manɗiƙi cikin littafin Sullam yana ɗan shekara 21.

Kayan aiki takarda ce da fensir. Biro bai dace ba, don za a yi gogewa.

Mataki na farko, a rubuta maganar, a zubar da rantsuwa, zagi da kirari. A bar jimlolin da za a iya ce musu gaskiya ko ƙarya kawai. Tambaya, umarni da addu'a ba sa shiga lissafi.

Na biyu, a nemo sakamakon, wanda malamai ke kira natija. Yakan biyo bayan "saboda haka" ko ya zo kafin "ke nan". Sauran jimlolin su ne madogara.

Na uku, a ba kowace jimla harafi. A: takin jabu ne. B: ganye ya yi ruwan ɗorawa. Sai a ja layi ƙarƙashin mahaɗan magana: "ba", "kuma", "ko", "idan". A yi hattara da "ko". Wanda ya ce "Audu ko yana Kankiya ko yana Kusada" ya manta Audu na iya kasancewa Ingawa. Rashinsa a Kankiya bai kai shi Kusada ba, sai an tabbatar babu wuri na uku.

Mataki na huɗu shi ne inda ake zubewa, har da masu digiri. Daga "idan A, to B" hanya biyu kaɗai ke ɓullewa. In A ta tabbata, B ta tabbata: takin jabu ne, to ganye zai canza. In B ba ta faru ba, A ta faɗi: ganye kore shar, to takin ba jabu ba ne.

Akwai wasu hanyoyi biyu, amma tarko ne, kuma sun fi daɗin ji a kunne. Na farko shi ne a ga B a ce A, wato abin da majalisa ta yi. Ganyen masara na yin ruwan ɗorawa in ruwa ya kwanta a gona, ko ruwan sama ya wanke yuriya kafin saiwa ta sha, ko wuta-wuta ta kama gindi tana tsotse abincin tun kafin furenta ya fito. Haka zancen "jikin yaron da zafi, zazzaɓin cizon sauro ne". Taifot da ƙyanda ma na kawo zafi, shi ya sa ma'aikacin lafiya ke ɗiban jini tukuna. Tarko na biyu shi ne a ce tunda babu A, babu B: "takina mai kyau ne, ganyena ba zai canza ba." Wuta-wuta ba ruwanta da ingancin buhu.

Na biyar, in kai ya ɗaure, a zana jadawali. Jimla biyu layi 4 ne: duka gaskiya, duka ƙarya, A kaɗai gaskiya, B kaɗai gaskiya. Jimla uku layi 8, goma kuwa 1,024. Abu ɗaya ake nema, layin da madogara duka gaskiya ne amma natija ƙarya. A zancen taki ga shi nan: B gaskiya, A ƙarya. Layi ɗaya ya isa ya rushe hujjar.

Na shida, ko tsarin ya tsaya daidai, a koma a binciki madogarar kanta. Gonar da ta sha takin gargajiya na iya zama kore ko da an zuba mata jabu, ke nan "idan" ɗin farko ma yana da rauni. Wannan bincike a gona ake yinsa, takarda ba ta iya shi.

Shawarar nan ta "duba wanda ya faɗa" tana da amfani wajen tantance labari, amma ba ta gyara karkataccen tsari. Saƙon murya na WhatsApp da maganar dattijo duk matakan nan shida za su bi.

Mai son zurfafawa ya nemi Sullam wurin masu sayar da littattafan Larabci a Kasuwar Kurmi ta Kano, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ya haɗa da sharhin Damanhuri, ya kuma zauna gaban malami, don baitocin sun cika taƙaitawa ga mai karatu shi kaɗai.