Renon Kwikwiyo Don Tsaron Gida Da Gona

Manoman Unguwar Ya da sauran ƙauyukan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sun san wahalar da a kan sha da kaka. Birai na saukowa daga duwatsu su faɗa wa masara da gyaɗa, awaki na kutsawa cikin rogo, da dare kuma ga ɓarayin dabbobi. Saboda haka mutane da yawa su kan nemi kare. Malamai kuwa sun bayyana cewa ajiye kare don tsaron gona, ko kiwo, ko farauta, ya halatta. Amma sau da yawa kwikwiyon da aka kawo don tsaro shi ke zama ɓarawon ƙwai da kaji, har ya jawo wa mai shi ƙara gaban mai unguwa. Laifin ba na kare ba ne, na reno ne. Abin da kwikwiyo ya koya cikin watanni ukun farko a gida, da shi zai tsufa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Lokacin ɗauko shi

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya yi mako 8. Wanda aka raba tun yana ƙarami ƙwarai ya kan tashi da rauni da yawan tsoro, kare matsoraci kuwa ya fi saurin cizo. A zaɓi mai kuzari, mai idanu garau, wanda cikinsa bai kumbura ba. A kuma duba halin uwar, gama ɗa ya kan ɗauko nata. Manomin da ya ɗauko kwikwiyo da hunturu, bayan an gama kai amfani gida, yana da sukunin lura da shi duk rani, kafin wata kaka kuma karen ya isa aiki.

Wurin kwana da abinci

Tun ran da ya zo a nuna masa wurinsa. A yi masa 'yar rumfa kusa da turken awaki ko bayan zaure, nesa da madafa da wurin salla, a shimfiɗa masa tsohon buhu saboda sanyi. Daren farko da na biyu zai yi ta kuka don kewar uwarsa. Kada a doke shi, kada kuma a ji tausayi a shigar da shi ɗaki, gama in ya kwana ɗaki sau ɗaya, gobe ma can zai nema. Tsumman da uwar ta kwanta a kai, in an zo da shi, ya kan sa ya yi shiru.

A ware masa kaskonsa na tuwo da na ruwa. Wanda ya saba da kaskonsa ba ya sa baki cikin ƙwaryar mutane, balle a yi ta wanke ta sau bakwai. Kafin ya cika wata 3 a ba shi abinci sau 4 a yini, daga nan sau 3 har wata 6, sa'an nan sau 2. Tuwo ko ƙanzo zalla ba su gina jiki. A haɗa masa da dafaffen wake, da ɗan kifi, da abin da aka samo wurin mahauta, amma a dafa shi sosai. Ɗanyen kayan ciki da kan tunkiya su ke sa wa kare tsutsa, ya zubar da ƙwanta a makiyaya, tumaki su ci, ciwo ya koma garke. Kada a ba shi ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke shi, kada a ba shi abinci mai albasa da yawa, kada kuma a ba shi ɗanyen ƙwai, don nan a ke koya masa hanyar akurki. Maganin ɓera da na feshi a rataye su sama. Kare mai yunwa dai ba shi yin tsaro, yawon bola ya ke yi.

Horo

Mutum ɗaya ya kamata ya riƙa ba shi abinci da horo, ko maigida ko babban ɗansa. A sa masa gajeren suna wanda ba na mutum ba. Kalmomi uku sun isa da fari, watau "zo", da "kwanta", da "bari". A kira sunansa a ce "zo", in ya zo a ba shi 'yar loma a shafa kansa. Minti 5 da safe, minti 5 da yamma, ya fi awa guda rana ɗaya. Kada a kira shi don a doke shi, in an yi haka ba zai ƙara amsa kira ba.

Da ya tashi barci, da kuma bayan ya ci abinci, a kai shi bayan gida wuri ɗaya kullum. Cikin 'yan makonni zai riƙa zuwa da kansa. In ya ɓata tsakar gida a kwashe a binne, a zuba toka. Faɗa bayan abu ya wuce banza ne, bai san dalilinsa ba.

Babban darasi shi ne na kaji da 'yan awaki. A sa masa igiya a wuya, a bar sararin yatsa biyu, a riƙa ratsawa da shi cikinsu kowace safiya. In ya zabura, a ja igiya a ce "bari" da kakkausar murya. In ya wuce bai kula su ba, a yaba masa. Yara su kan yi dariya in kwikwiyo na bin 'yan tsaki, to, wasan nan shi ke zama kisa in ya girma. Haka kuma a hana yara jifansa da jan wutsiyarsa. Ɗaure shi dare da rana ma kuskure ne, ba ya sa shi jarunta, sai mugunta.

In ya yi haushi don baƙo ya yi sallama, ya yi aikinsa. Da maigida ya fito ya amsa, sai ya ce masa "kwanta". Da haka zai gane bambancin baƙo da ɓarawo. In ya kai wata 5 a fara zuwa da shi gona, a zaga iyakarta tare da shi, har ya san inda nasu ya tsaya.

Lafiya

A kai shi wurin malamin dabbobi tun makon farko don maganin tsutsar ciki da allurar ciwon amai da zawon jini, wanda ke kashe kwiyakwiyai cikin 'yan kwanaki. Kaska da ƙuma ma a nemi maganinsu can. Kada a wanke shi da maganin feshin gona.

Abin da ya fi kome shi ne allurar haukan kare. A yi masa ita in ya cika wata 3, a maimaita kowace shekara, a adana takardar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka kuwa daga cizon kare. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum rigakafinsa, a nan Nijeriya kuma ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom tana yin allurar karnuka. Amma in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Saboda haka wanda kare ya ciza ko ya yagusa, ko da kwikwiyo ne cikin wasa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, ko a Birnin Kudu ko a Gwaram. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a gaya wa malamin dabbobi.

Manomin da ba zai iya ciyar da kare da yi masa allura ba, gara ya haƙura da shi. Wanda ya daure da wahalar watanni uku kuwa, ya sami mai gadi na shekaru, ba ya neman lada sai tuwo.